Maficin coci a cikin gilas, allon kakana a bakin gara

Shekarata shida a Amurka amma sai watan jiya na samu na leƙa gidan tarihin zane-zane na Smithsonian a Washington, kuma wallahi abin da ya tsayar da ni ba aikin wani shahararren bature bane, aikin mai shara ne. James Hampton sunansa, baƙar fata, yana sharar ofisoshin gwamnati, in ya tashi aiki cikin dare sai ya zarce wani gareji da ya kama haya ya yi ta harhaɗa tsofaffin kujeru da tebura da kwali da ƙwan fitilar da ya ƙone, yana naɗe su da takardar nan mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari. Shekara 14 yana abu ɗaya, wai karaga yake haɗawa ta tarbar dawowar Annabi Isa. Sai da ya mutu a 1964 mai garejin ya buɗe ya gani, kaya wajen guda 180. Daga nesa ka rantse zinare da azurfa ne, ka matso ka ga tarkacen bola ne zalla.

Maganar aƙida kowa da tasa, ba ita ta dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda mutanen nan ba sa raina ƙaramin abu in dai an yi ibada da shi. Kai har maficin kwali da tsofaffin mata ke fifita a cocin baƙaƙen fata suna adanawa, gabansa hoton Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, bayansa tallar masu shirya jana'iza, kuma akwai malaman jami'a da ke zama su yi nazari a kai, don daga tallar nan ake gane sana'o'in da baƙaƙe suka riƙe lokacin wariyar launin fata. Ga Harriet Powers, matar da aka haifa cikin bauta a Jojiya a 1837, ta ɗinka bargon faci-faci da labaran Baibul, talauci ya sa ta sayar da shi dala 5, yau yana Smithsonian ana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Mu fa? Mu in ba alkyabbar sarki ko takobin yaƙi ba, ba ma ganin abu ya kai tarihi. Kakana alaramma ne, ya bar allon zayyana da gafaka da buzun da goshinsa ya cinye wa gashi, duk aka tura su ɗakin soro tare da tsofaffin tukwane.

Na kira Yaya a waya nake masa wannan ƙorafin, ya kwashe da dariya ya ce "kai dai ƙanena zaman Turai ya ɓata ka, allo ai wankewa ake a sake rubutu, ba kallo ake ba". Kuma fa yana da gaskiyarsa, don maficin da ke cikin gilas ba wanda zai ƙara fifita da shi, namu kuwa har gobe almajirai na rungume da shi a tsangaya. To amma na Kaka ai ba wanke shi ake ba, ba karatu ake da shi ba, yasar da shi aka yi.

Na dai matsa masa ya shiga ɗakin ya duba min. Bayan isha'i sai ga hoto a WhatsApp, gara ta cinye allon saura mariƙin da ɗan gefe guda, ana ganin sauran zayyanar ja da kore. Gafakar kuwa ya ce bai ma gan ta ba.