Tonon silili a waya ya ishe mu

Jiya da la'asar na tarar da samari sun yi cincirindo a bakin wani shagon cajin waya, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe muryar wata yarinya suke saurare, saurayinta ne ya watsa bayan sun ɓata. Wani har da cewa a tura masa. 'Yar mutane fa, mai uwa da uba a unguwar!

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta ishe mu. Ɗan saɓani kaɗan, sai a kwaso hirar da aka yi cikin amana a zuba a Facebook. Bashin naira dubu biyar, sai a liƙa hoton mutum a WhatsApp a rubuta ɓarawo. Ƙawaye da suka ci tuwo kwano ɗaya sun koma TikTok suna tone-tone. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ko ka goge tana nan a hannun wasu.

Da, in aka ce mutuncin wane ya zube, jikin kowa sanyi yake yi, don an san abin da ake nufi: ba a ba shi aure, ba a ba shi bashi a kasuwa, ba a kiransa shaida, in ya iso majalisa a yi tsit. Yanzu yaro ƙarami ke buga ƙirji yana cewa "sai na zubar maka da mutunci", kamar ruwan wanke-wanke. To, naka fa? Wa zai ƙara gaya maka sirri? A Suratun Nur, aya ta 4, wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu 4 ba bulala 80 ce hukuncinsa, sannan a daina karɓar shaidarsa. A 2022 ma wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20-20 kan ɓata sunan gwamna. Talaka kuwa wa zai kai masa ƙara?



Ku ji tsoron Allah, ku rufa wa juna asiri. Da can dattijon unguwa kan kira mutum biyu zaure, a yi faɗa, a ba da haƙuri, maganar ta mutu a nan, ko matan gida ba sa ji. Yau wani dattijon shi ne ke fara turawa zauren WhatsApp na dangi.