Ba kowane dashen ƙashi ne ƙarfe ba

A Gusau, da an ce za a sa wa mai karaya wani abu a ƙashi, sai a ɗauka ƙarfe ne da zai zauna har abada. Wanda masu bincike ke gwadawa daban yake. Da kolajin (wani furotin da ke cikin fata da ƙashi) da sinadarin kalsiyam irin na ƙashi ake haɗa shi, mai ƙofofi kamar soso. Ƙwayoyin asali na ɓargo (ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗewa zuwa wasu iri), waɗanda akan ɗiba daga ƙugun majinyacin kansa, su shiga ƙofofin, su manne, su rikiɗe zuwa masu gina ƙashi. Sannu a hankali abin yana narkewa, sabon ƙashi yana maye gurbinsa. Amma fa don babban giɓi ake nemansa, irin wanda mummunan haɗarin babur kan bari.