Tashar Jirgin Nguru: Gyaɗa Aka Zo Ɗauka

Da na je gida hutun Sallah, na bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da yamma, ni da ɗan ƙanwata mai shekara tara. Awaki ne kwance a tsakanin dogo, ciyawa ta rufe wani sashe na ƙarfen. Yaron ya ɗora ƙafa a kai yana tafiya yana tangaɗi, sai ya ce, "Kawu, ina wannan hanyar ta nufa?" Na nuna masa yamma na ce Kano. Ya juya gabas ya ce, "Nan fa?" Na ce nan babu, a garinmu ta ƙare.

Tun ranar nake son in yi wannan rubutu, domin na gaji da jin masu cewa Bature ya kawo mana jirgi don ƙaunarmu, mu kuma muka lalata.

Jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka faro daga Baro a bakin Kogin Kwara a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin reshe ya iso Nguru a 1930, shekara ɗaya bayan na Zariya ya kai Ƙaura Namoda. Ku dubi taswira: duka biyun sun miƙa wuya zuwa iyakar Nijar, wadda ke hannun Faransa a lokacin, suka tsaya cak. Ba a nufi haɗa mu da kowa ba. Gyaɗa aka zo ɗauka, da fatu da ƙiraga, da ƙaro, da shanu, a gangara da su teku.

Kada wani ya ce jirgi ne ya haifi Nguru. Tun kafin a san Bature, nan ne mazaunin Galadiman Borno. Amma jirgi ne ya cika ta da baƙi, wannan kam babu musu. Kakana ɗan dako ne a tashar, kuma har ya rasu akwai kanta a ƙeyarsa inda buhu ke zama. Yakan ba mu labarin raƙuman da ke shigowa daga Damagaram da kaka, da sikelin kamfani, da 'yan baranda masu tare manomi tun a bakin gari, da Kwarori, wato 'yan kasuwa mutanen Lebanon da Siriya, da malaman reluwe Yarbawa da Inyamurai waɗanda 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki kamar namu. Ya ce ko agogo ba a nema, kukan jirgi ya isa. Haka garin Malam Madori ya samu kai: dogo ya kauce wa Haɗeja, ya bi ta can, kasuwa ta bi shi.

To me ya kashe harkar? Sakaci na ciki, ban musa ba. Amma farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga gona, kwalta da tirela suka kwashe ragowar kayan. Tarago ba ya tafiya da yunwa. Da gyaɗa ta kwanta, jirginta ya kwanta da ita.

Shi ya sa idan na ji ɗan takara yana alkawarin dawo da jirgin Nguru, tambayata ɗaya ce: me zai ɗauka? Muna da amsa fa, riɗi da zoɓo da shinkafar fadama da kifi da dabbobi, amma ban taɓa jin wanda ya fara maganar daga nan ba. Ga shi sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi, kuma faɗin dogonsa ya fi namu, jirginsa ba zai hau tsohon layi ba.

Abin da nake roƙo a yanzu bai kai wannan tsada ba. A kare ginin daga masu sayen ƙarfe da masu yanka fili. A gyara rufi, a ware ɗaki ɗaya a tara abin da ya rage, ko fitilar hannu ce ko tsohon tikiti. Tsofaffin ma'aikatan kuma a zauna da su a naɗi muryarsu, ko da waya ce. Biyu na sani a unguwarmu, ɗayan ya fara rikicewa.