Laifi tudu ne: masu shan shayin garin Maycomb

Yawancin waɗanda suka karanta To Kill a Mockingbird, littafin da Harper Lee ta fitar a 1960 har ya ci kyautar Pulitzer a 1961, abin da ke zama a ransu shi ne lauya Atticus Finch tsaye a kotu yana kare baƙar fata Tom Robinson daga ƙazafin yi wa wata Baturiya fyaɗe. Fim ɗin 1962, wanda Gregory Peck ya fito a matsayin lauyan, ya ƙara kafa wannan hoto a zukatan mutane. Ni kuwa ina ganin son da ake yi wa Atticus ya rufe wa masu karatu ido daga mutanen da littafin ya fi tuhuma, wato mutanen kirkin garin, masu zuwa coci da gaisuwa cikin ladabi, waɗanda babu ɗayansu da ya taɓa ɗaga hannu ya mari wani.

Labarin ya faru ne a Maycomb, wani ƙagaggen gari a jihar Alabama, tsakanin 1933 da 1935, lokacin da karayar tattalin arziki ta durƙusar da Amurka, kuma daga bakin Scout, 'yar Atticus, wadda ke da kimanin shekara 6 a farkon labarin, muke jin komai. Shari'ar kanta ba ta da wani ruɗani. Raunukan da aka gani a fuskar Mayella Ewell a ɓangaren dama suke, alamar bahago ne ya doke ta. Mahaifinta Bob Ewell bahago ne, Atticus ya sa shi rubuta sunansa a gaban kowa aka gani. Shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro, bayan injin gurzar auduga ya kama shi. Duk da haka Turawa 12 da aka ɗora wa yanke hukunci suka ce ya aikata. Abin da ya fi ƙona musu rai a shaidar Tom shi ne da ya ce yana taimaka wa Mayella da aikace-aikacen gida ne don tana ba shi tausayi. A Alabama ta wancan zamani, baƙar fata ya ji tausayin Baturiya raini ne da ba a yafewa.

Bob Ewell mashayi ne, maƙaryaci, yana zaune da 'ya'yansa a bayan jujin gari, kuma babu mai karatun da zai ga kansa a cikinsa, shi ya sa tsanarsa ba ta da wani tsada. Wajen da littafin ya fi cizo shi ne zaman shan shayi da matan ƙungiyar mishan suka yi a gidan Atticus bayan an gama shari'a. Uwargida Merriweather, wadda ake ɗauka ta fi kowace mace ibada a garin, idanunta na cika da ƙwalla in tana ba da labarin wata ƙabila a Afirka da ta ce suna zaune cikin duhu da talauci. Kafin shayin ya huce ta koma ƙorafi a kan mai yi mata girki, Sophy, wadda take biya dala ɗaya da kwata a mako, wai tun da aka yanke hukunci take ɓata rai a kicin. Tana cin abincin gidan Atticus tana yi masa habaici cewa wasu sun ta da hankalin baƙaƙe. Ana cikin wannan hira Atticus ya shigo gida ya kira Calpurnia mai aikin gidansa, ya ce ta raka shi wajen matar Tom, domin masu gadin kurkuku sun harbe Tom yana ƙoƙarin tsallake shinge, an ƙirga ramin harsashi 17 a jikinsa. Matan da ke falo ba su sani ba, suka ci gaba da kurɓar shayinsu.

Haka ma malamar ajin su Scout, Malama Gates, wadda ta tsaya a gaban allo tana la'antar abin da Hitler ke yi wa Yahudawa a Jamus, tana cewa a Amurka ba a zaluntar kowa. Scout kuwa ta ji ta da kunnenta a matakalar kotu ranar hukunci tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙe hankali tun da sun fara wuce gona da iri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yarinyar ta kasa haɗa maganganun biyu, ta je ta tambayi yayanta Jem, shi kuwa ya ci kwalarta ya ce kada ta ƙara yi masa zancen kotun nan. A wurina wannan fushin na Jem shi ne ainihin girman da littafin ke nunawa. Yaron ya shiga kotu da yaƙinin cewa hujja na cin shari'a, ya fito yana kuka, kuma abin da ya koya game da maƙwabtansa ya yi masa nauyin da ba ya iya furtawa.

A kan jarumtaka, Atticus ya fi son 'ya'yansa su dubi wata tsohuwa mai zafin baki, Uwargida Dubose, wadda ke zaginsa kullum, amma ta ƙudura sai ta rabu da maganin kashe zafin ciwo da ya zame mata jaraba kafin ta mutu, ta kuwa rabu da shi. Darasinsa shi ne mutum ya san an ci shi da yaƙi tun kafin ya fara, amma ya fara ya kuma kai ƙarshe. Wannan daidai ne, sai dai daren da aka zo ɗaukar Tom daga gidan waƙafi ya nuna wani abu dabam. Atticus na zaune a bakin ƙofa da ƙwan lantarki ɗaya da jarida, motoci huɗu suka tsaya, maza suka fito da niyyar ɗaukar doka a hannunsu. Abin da ya watsa su shi ne Scout da ta kutsa tsakiyarsu ta gane mutum ɗaya, Cunningham, manomin da ke biyan mahaifinta kuɗin aikin lauya da itacen girki da ganye saboda ba shi da tsaba. Ta gaishe shi da sunansa, ta ce ajinsu ɗaya da ɗansa, ya gaishe mata da shi. Mutumin ya tsuguna ya ce zai isar, sannan ya ce wa sauran su tafi. Cikin taro ba a jin kunya, amma da aka ware shi aka kira sunansa sai kunya ta dawo masa. Daga baya Atticus ya nuna wa 'ya'yansa cewa wani ɗan dangin nan ne ya daɗe yana turjewa cikin masu yanke hukunci, har aka ɗauki awoyi kafin su fito.

Dole a faɗi inda littafin ya gaza, kuma masu sukarsa a Amurka, musamman baƙaƙe, suna da hujja. Tom ne ya mutu, amma ba a ba mu damar shiga zuciyarsa ba. Mutuwarsa ta zama makarantar 'ya'yan lauya. Calpurnia ta raini yaran nan, amma sai ranar da ta kai su cocinsu suka gane tana da wata rayuwa da wani salon magana a wajen gidansu. Baƙaƙen da suka miƙe tsaye a saman benen kotu da aka ware musu lokacin da Atticus ke fita daga kotu, suka kuma cika masa kicin da abinci washegari, godiya kawai aka ba su su yi. Atticus kansa alƙali ne ya naɗa shi, bai nemi shari'ar ba, kuma bai taɓa ƙalubalantar tsarin da ya ware benen ba. Da aka buga Go Set a Watchman a 2015, rubutun da Lee ta yi tun kafin wannan, aka ga Atticus tsoho yana adawa da haɗa baƙi da fari, masu karatu da yawa suka ji kamar an ci amanarsu. Ni ban ga abin mamaki ba, domin mutum na iya ƙin a rataye marar laifi kuma ya ƙi zama kujera ɗaya da shi.

Abin da ya sa nake cewa Merriweather ce ya kamata mai karatu ya ji tsoron zama, ya faru ne a Monroeville, garin da aka haifi Lee a 1926, wanda ta kwaikwaya ta gina Maycomb. A 1986 aka kashe wata budurwa Baturiya a garin. Aka kama Walter McMillian, baƙar fata da aka san yana hulɗa da wata Baturiya, aka ajiye shi a sashen masu jiran kisa tun kafin a yi masa shari'a. Mutane da dama sun shaida cewa yana gida ana suyar kifi a lokacin da aka yi kisan, amma a 1988, bayan zaman kwana ɗaya da rabi, aka same shi da laifi. Masu yanke hukunci suka ba da shawarar ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi kisa. Sai a 1993 lauya Bryan Stevenson ya fitar da shi, bayan an tabbatar shaidun ƙarya ne. Tun 1991, yana can yana jiran ranar kisa, mutanen garin suka fara shirya wasan kwaikwayon littafin kowace shekara a tsohon ɗakin kotunsu, baƙi na sayen tikiti suna zuwa kallon yadda aka zalunci Tom Robinson.