Katin shekara biyu-biyu

Akwai wani yaro, ɗan maƙwabcinmu a nan Bronx, cikin birnin New York na Amurka, da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Na ce yaro, amma ya haura talatin, har da 'yarsa. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka shigo da shi daga Yamai da bizar ziyara, biza ta ƙare, suka yi zamansu. In ya ce "ina wuni, Baba" sai ka ji Turanci na leƙowa ta ƙarƙashin gaisuwar. Kwanan baya ya nuna mini wayarsa, ya sa wa kansa tunatarwa wata biyar kafin katin aikinsa ya mutu. Duk bayan shekara biyu haka yake yi: ya cike takardu, ya biya dala ɗari biyar da wani abu, ya zuba ido.

Shirin da yake ciki shi ake kira DACA. Gwamnatin Obama ce ta fito da shi ranar 15 ga Yuni, 2012, domin waɗanda aka shigo da su kafin su kai shekara 16, kuma suke ƙasar tun Yunin 2007. Ba ya ba da takardar zama ta dindindin, balle ta ɗan ƙasa. Ma'anarsa dai, mun san da kai, ba za mu kore ka yanzu ba, ga izinin aiki. Kuma ba doka ba ce. Dokar da ya kamata ta yi wannan aiki, DREAM Act, tun 2001 take kai-komo a majalisa. A Disambar 2010 ta samu ƙuri'a 55 a majalisar dattawa alhali 60 ake buƙata. Da majalisa ta gaza, sai ɓangaren shugaban ƙasa ya ɗauki alƙalami.

In muna hira da 'yan gida, magana ɗaya ce: Obama ya yi kirki, Trump ya yi mugunta. Ni zuciyata tana tare da yaran nan ɗari bisa ɗari, amma ban iya yi wa alƙalamin tafi ba, domin gidanmu mun ɗanɗana ɗaya gefen nasa.

A zangon Kumasi aka haifi mahaifiyata. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Har ta rasu tana ba mu labarin keken ɗinkin kakarmu da aka sayar a wulaƙance, da yadda suka sauka Kano yara na yi musu dariya wai Hausarsu ta Gana ce. Sai ga shi a Janairun 1983 mu ma mun rama, gwamnatin Shagari ta ba da nata mako biyun, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya. Jakar nan mai layi-layi har yau da sunan wannan kora ake kiranta. Duka biyun babu inda aka tsaya aka tambayi wanda aka haifa a nan, ko aka goyo shi aka kawo, ina zai dosa.

Bambancin da na gani a Amurka shi ne kotu na iya tsayar da shugaba ta ce ya kawo hujja. Da gwamnatin Trump ta soke shirin a Satumbar 2017, Kotun Ƙoli ta taka mata birki a Yunin 2020, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Amma a lura, alƙalin alƙalai John Roberts bai ce shirin halas ne ba, hanyar sokewar ce ya ce ba a bi ta daidai ba. Mu ma mun taɓa ganin irin haka: a 1980 aka ɗauki wani mai suna Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, aka ajiye shi a Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, kotun Maiduguri ta ce a mayar da shi. Sai dai shi mutum ɗaya ne, kuma babba, da jam'iyya a bayansa.

Masu cewa Obama ya wuce gona da iri ba duka ne 'yan ƙin baƙi ba. Shi da bakinsa, kafin 2012, ya sha cewa shi shugaba ne ba sarki ba. A 2021 wani alƙalin tarayya a Texas, Andrew Hanen, ya yanke cewa shirin ya saɓa doka, aka bar na ciki su ci gaba da sabuntawa, aka daina amincewa da sababbi. 'Yan majalisa kuwa, na jam'iyyun biyu, sun samu abin kamfe, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, mutum kusan rabin miliyan na ƙirgen watanni.

Ranar da yaron nan ɗan maƙwabcinmu ya nuna mini wayar, ɗan ƙanwar babansa na tsaye gefe yana ɗaura igiyar takalmi. Shi a 2009 aka kawo shi, yana ɗan shekara biyar, don haka ko katin shekara biyun bai cancanta ba. Na tambaye shi me yake yi tun da ya gama sakandare. Ya ce yana taya wani kawunsa sauke kaya a shago, a hannu ake biyansa.