Zomo mai cin kwali ba yunwa ce ke damunsa ba

Masu kiwon zomaye da yawa a Sakkwato, da sun ga zomo yana gaigayar kwali ko yana tonon ƙasan keji, sai su ce yunwa ce, su ƙara masa dusa. Wasu kuma su ɗauke kwalin, wai ɓarna yake yi.

Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, haka na ɓeran Masar ma ba sa tsayawa. In bai sami abin tauna ba, sai su yi zaƙo-zaƙo har ya kasa cin abinci. Ciyawa da harawa su ne ainihin abin da ke goge su, dusa ba ta yin wannan aiki. Kwali kuwa yana ɗebe masa kewa, domin a daji zomon da ake kiwo mai haƙa rami ne.

Saboda haka a ba shi kwalin, ga su nan birjik a Babbar Kasuwa. Amma a ɓare salatif, a cire ƙananan ƙarafan ɗinki, a guji mai sheƙi ko wanda ya ɗauko sabulu da maganin ƙwari. In haɗiyewa yake yi da yawa, a ɗauke, don zomo ba ya amai.