Tsoho a bakin titi, direba na neman balas

Duk wanda ya tsaya a bakin Asibitin Murtala a Kano da hantsi ya san abin da nake nufi. Dattijuwa ta fito daga ganin likita, ta ɗaga hannu, Adaidaita Sahu biyu ko uku su wuce kamar ba su gan ta ba. Direban da ya tsaya kuwa, ƙafarta ba ta gama shiga ba ya fara cewa "Hajiya, a yi sauri mana."

Ban ɗora wa direban laifin duka ba. Yana da balas da zai kai wa mai keke da yamma, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafinsa ya ƙara tsauri. Fasinjan da zai ɗauki lokaci kafin ya hau, ga sanda, ga ciwon gwiwa, asara ce a wurinsa. Sai ya gwammace ya cusa matasa uku a baya, ya ƙara biyu a gefensa. A bas ma haka: matakala ta yi tsayi, ba abin kamawa, kujerar gaba kuma ta wanda ya riga ce, ko wanda ɗan kamasho ya sani.

Abin da ke ba ni mamaki, Kano ta taɓa magance irin wannan. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo keken nan musamman domin mata, don su huta da hawan acaɓa. Wato gwamnati ta kalli wani rukuni na fasinjoji ta ce waɗannan sai da tanadi. Da aka hana acaɓa a 2013, keken ya zama na kowa, tsofaffi kuma ba wanda ya tuna da su.

Gyaran farko ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ke da iko a tasha. In ta ce kujerar gaba ta dattijo ce, gobe za a fara. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ta ware wurin hawa da sauka mai inuwa da benci a ƙofar asibitoci, maimakon korar duk keken da ya ɗan dakata. In gwamnati za ta sayo sababbin bas-bas, ta zaɓi masu gajeriyar matakala, kuma a sa ɗan shekara 70 ya gwada hawa kafin a biya ɗan kwangila.